Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa: Tsakanin Ƙahon Wanzami Da Allurar Koriya

Idan kaka ta yi nisa, hunturu ya sauko da hazonsa, kudancin Jihar Katsina kan zama ƙasar tari da atishawa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada takan haɗu da ƙaiƙayin sussukar dawa da ɓarzar masara da hayaƙin ƙonon daji, duk su tare a hancin talaka da maƙogwaronsa. A sahun sallar asuba, gyaran murya kan kusa rinjayar karatun liman. Yara na jan majina, tsofaffi na fama da dishewar murya, haɓo kuwa ba ya sallama kafin ya ɓalle. Wannan ne lokacin da kasuwar mai magani ke ci, kuma a cikinsa ne zumunci ya kai ni Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku da duniya ta san sunayensu ta hanyar labarin bindiga, ba ta san yadda mutanensu ke jinyar ciwon kunne ba.

Na ɗauki hanya ne bayan na shafe makonni ina nazarin yadda mutanen Koriya ta Kudu ke magance cututtukan kunne da hanci da maƙogwaro da saiwoyi da kuma jinyar soka allurai, wadda ake kira akufanca. Tambayar da ta riƙa bi na daga tasha zuwa tasha ita ce: me ya sa gadon kakanninsu ya shiga asibiti da jami'a, namu kuma har yau yana kan tabarma a bakin kasuwa?

Ƙanƙara: Tabarmar mai magani

Daga Malumfashi aka fi samun motar Ƙanƙara. Gari ne na Sarkin Pauwan Katsina, wanda Allah Ya albarkaci ƙasarsa da farar ƙasa, ma'adinin da masana'antu ke nema don yin fenti da tangaran, har ma da wasu magungunan Bature. Sai dai abin da ya fi sa sunan garin a bakin duniya shi ne daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana 6. Mutanen garin ba su cika son a tsaya a wannan zance ba, kuma suna da gaskiya. Gari ya fi musibar da ta same shi girma.

A gefen kasuwa na zauna wurin wani dattijo mai sayar da sassaƙe da saiwoyi. Na ce masa, "Baba, me aka fi tambayarka a wannan lokaci?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai hunturu shi ne damina tamu. Daga mai mura sai mai ciwon wuya." Sannan ya riƙa ɗaga ƙulle-ƙullensa ɗaya bayan ɗaya. Ga bagaruwa da ake jiƙawa a kuskure baki idan maƙogwaro ya yi zafi. Ga citta da kanumfari da masoro da kimba, waɗanda ake dafawa a zuba zuma. Ga ganyen sabara da sassaƙen marke na tari. Ga ganyen darbejiya na sirace. Ga man kaɗanya da ake shafawa a ƙofar hanci idan ya toshe ko ya bushe.

Mai karatu, kada bokonmu ya sa mu yi wa wannan tabarma kallon raini. Bagaruwa tana da sinadarin da ke ɗame fata, shi ya sa majema ba sa rabuwa da ita, kuma wannan ɗamewar ce ke sassauta raɗaɗin maƙogwaro. Kanumfari yana da mai da ke kashe zafi, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Zuma kuwa likitocin zamani da kansu suna ba da shawarar a sha ta don tari, in dai yaro ya wuce shekara 1. Shi man kaɗanya, tun a 1979 wani masanin harhaɗa magunguna a Legas mai suna Tella ya wallafa sakamakon wani ƙaramin gwaji da ya nuna yana buɗe toshewar hanci. Kafin wannan, a 1916, likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa a littafi guda, yawancinsu daga bakin irin waɗannan dattawa. Ilimi yana nan, ma'auni ne babu. Cokali nawa? Kwana nawa? Mai ciki za ta sha? Mai ciwon ƙoda fa? Amsar kowane mai magani daban take da ta maƙwabcinsa.

Inda hankalina ya tashi shi ne da zance ya kai ga kunne. A ƙauyukanmu, idan kunnen yaro yana fitar da ruwa, babu abin da ba a ɗigawa: ruwan ganye, man gyaɗa, ruwan tafarnuwa, turare, wasu har da man birkin mota. Alhali kunnen da ke zubar da mugunya, galibi dodon kunnensa ya riga ya huje. Duk abin da aka ɗiga zai zarce ciki, wurin da ƙananan ƙasusuwan ji suke, wurin da tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai. Abin da ya yi wa maƙogwaro amfani yana iya zama ajalin kunne. Gaba ɗaya jikin mutum ɗaya ne, amma kowace ƙofa da nata mabuɗi.

Sheme zuwa Faskari: Zabirar wanzami

Daga Ƙanƙara hanya takan fito da matafiyi Sheme, a kan babban titin Funtuwa zuwa Gusau, garin da kasuwar dabbobinsa ta yi suna. Daga nan ake ratsewa zuwa Faskari, garin Sarkin Yamman Katsina, mai kewaye da duwatsu. Ƙasa ce ta noma ta gaske. Daudawa, wadda Turawa suka kafa gonar irin auduga a cikinta tun zamanin mulkinsu, tana cikin wannan ƙaramar hukuma. Gonaki da yawa na nesa da gari sun koma saura saboda tsoro, amma duk inda ƙafa ke iya kaiwa za ka ga karan dawa a tsaye.

A nan na samu zama da wani wanzami da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Ya kwance zabirarsa ya nuna mini kayan aiki: asake iri-iri, ƙahonin shanu da aka goge suka yi santsi, da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa na cire beli. Duk wanda ya karanta rubuce-rubucen masanin nan Bashir Aliyu Sallau na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a kan wanzanci ya san cewa wanzami ba mai aski ba ne kawai. Shi ne likitan fiɗa na Bahaushe: shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke sakiya idan ƙurji ya nuna, shi ke tsagar gado. A garin da babu likita, har gobe shi ne mutum na farko da ake bugawa ƙofa idan wuyan yaro ya kumbura.

Na ce masa, "Sarkin Aska, wannan cire belin fa, dole ne?" Ya ce, "Haka muka taras. In ba a cire ba, yaro ba ya shan nono sosai, in ya girma kuma ya yi ta tari, wani ma belin ya kumbura ya shaƙe shi." Bai faɗi wannan don yaudara ba. Abin da ya ji daga mahaifinsa ke nan, kuma iyayen yara su suke kawo masa da kansu, wasu cikin kwanakin farko na haihuwa, wasu ranar suna.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, ba cuta ba ne. Halitta ce mai aiki: yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙogwaro. Idan ya kumbura, alama ce ta wata cuta da ta kama wurin, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta. Yanke shi ba ya kashe wutar. Haɗarin yankan kuwa sananne ne a asibitocin Arewa: zubar jini da jariri ba zai iya jurewa ba, sarƙewa da jini, cutar sandarewar jiki ta tetanus, da kuma ciwon hanta ko ƙanjamau idan ƙarfe ɗaya ya ratsa bakuna da yawa.

Wani abin lura shi ne, addinin da wanzami da iyayen yaron suke bi ya riga ya taɓa wannan batu. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mata azabtar da yara ta hanyar danna musu maƙogwaro saboda ciwon wuya, ya nuna musu su yi amfani da saiwar ƙusɗul hindi. Shi kuma ƙaho, hadisai sun yabe shi. Ke nan a cikin zabira ɗaya akwai abin da ya cancanci a tsaftace a riƙe, akwai wanda ya cancanci a ajiye.

Babban tashin hankalin ma shi ne mashaƙo. Tun daga ƙarshen 2022 wannan cuta ta sake ɓarkewa a Arewa, ta fi tsanani a Kano, Katsina ma tana cikin jihohin da ta taɓa. Takan fara ne kamar ciwon wuya na yau da kullum, sai wata fata mai launin toka ta lulluɓe maƙogwaro, wuya ya kumbura, dafinta ya gangara zuwa zuciya. Yaron da ke wannan hali, in aka kai shi wurin aska maimakon asibiti, an ɓata kwanakin da za a iya ceton ransa, an kuma shafa wa ƙarfen cutar da za ta bi yaro na gaba. Rigakafinta kyauta ne, ana yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma ma'aikacin rigakafi ba ya shiga ƙauyen da ba shi da tabbacin fitowa.

Abin da Koriya ta yi da nata gadon

Mutanen Koriya ma suna da ƙaho, irin na tsaga fata a zuƙo jini, kamar dai namu. Suna da saiwoyi da sassaƙe, har da waccan saiwa ta ƙusɗul hindi, wadda suka fi amfani da ita don ciwon ciki. Suna kuma da allurai sirara kamar gashi, waɗanda ba a ɗura magani a cikinsu, sai dai a soka su a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, a bar su na ɗan lokaci, a zare. Asalin wannan fasaha daga ƙasar Sin ne, amma Koriyawa sun yi mata nasu gini.

Matakin farko da suka ɗauka shi ne rubutu. A 1613 aka buga littafin Dongui Bogam mai juzu'i 25, wanda likitan fada Ho Jun ya tattara bisa umarnin sarki. A cikinsa ya kula da tsirran da ke fitowa a ƙasarsu, ya rubuta sunayensu da harshen talakawa domin ɗan ƙauye ya gane. Hukumar UNESCO ta sa littafin cikin kundin abubuwan tarihi na duniya a 2009. Kasuwar saiwoyi ta birnin Degu kuwa tana ci tun 1658.

Mataki na biyu shi ne doka da makaranta. Tun 1951 dokar ƙasar ta amince da likitan gargajiya a matsayin likita mai lasisi. Yau sai ɗalibi ya yi shekara 6 a jami'a, ya karanta ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta tare da na saiwoyi, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin a ba shi izinin taɓa majinyaci. A cikinsu akwai masu ƙwarewa ta musamman a fannin ido da kunne da hanci da maƙogwaro da fata. Daga 1987 inshorar lafiya ta ƙasa ta fara biyan kuɗin jinyar allurai. A 1994 gwamnati ta kafa cibiyar bincike ta musamman don wannan fanni. Allurar da ake sokawa sau ɗaya ake amfani da ita a jefar.

Mataki na uku shi ne yarda a gwada. A 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 422 masu fama da atishawa da yoyon hanci na sauyin yanayi. Waɗanda aka yi wa allurar sun samu sauƙi fiye da sauran, amma sauƙin matsakaici ne. A 2015 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce likita yana iya ba mai irin wannan larura zaɓin gwada ta. Game da ƙugin kunne kuwa, ƙungiyar ba ta ba da shawarar yi ko bari ba, don hujjar ba ta isa ba. Babu kuma wani likitan kirki da zai ce allura tana ɗinke hujajjen dodon kunne, ko tana kashe mashaƙo, ko tana maido da jin da sanƙarau ya tafi da shi.

Na faɗi wannan ne saboda masu motoci da lasifika da ke zagaya kasuwanninmu da kwalabe masu rubutun da ba wanda ke iya karantawa, suna cewa daga Sin ko Koriya ko Indiya aka kawo, wai ƙwaya ɗaya tana maganin cuta arba'in har da kurumta. Ba Koriyar da na bayyana ba ke nan. Darajar maganin Koriya ba daga nisan ƙasar ta zo ba, ta zo ne daga sanin iyakarsa.

Sabuwa: Inda daji ya rufe ƙofa

Sabuwa sai an bi ta Funtuwa da Dandume. Ita ce can ƙuryar kudu maso yammacin jihar, tana iyaka da ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce mai ni'ima, ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, itatuwa sun fi tsayi da duhu. A wannan yanki ne dajin Kogo yake, wanda Gwamnatin Tarayya ta sa cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mayar gandun daji na ƙasa a 2020. A da, irin waɗannan dazuzzuka su ne rumbun mai magani. Yanzu mai saran sassaƙe ba ya wuce bayan gari. Dattawan da suka san wace saiwa ake haƙa a wane wata, da yawansu sun yi hijira zuwa Funtuwa da Zariya da Katsina, 'ya'yansu sun koma acaɓa da ga-ruwa. Idan tsoho irin wannan ya kwanta dama ba a rubuta abin da ya sani ba, an binne littafi ne da babu kwafinsa.

A Sabuwa na fi lura da masu matsalar ji. Ka ga saurayi mai injin niƙa, sai ka ɗaga murya kafin ya amsa sallama. Masana sun ce ƙarar da ta kai ma'auni 85 tana lalata ji idan mutum ya riƙa wuni a cikinta, kuma injin niƙa da janareto sukan wuce haka. Ƙarar bindiga kusa da kunne kuwa, sau ɗaya ya isa ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sai yaran da ƙyanda ko sanƙarau suka bar su da kurumta. Sai kuma waɗanda aka yi wa allurar jentamaisin barkatai a shagon magani, alhali an san tana iya kashe jijiyar ji idan aka wuce ƙima. Wato ba maganin gargajiya kaɗai ke cutarwa ba. Maganin Bature a hannun wanda bai sani ba, shi ma aska ce a hannun yaro.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 a duniya suna da matsalar ji da ke buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da za a iya kaucewa. Amma kaucewar tana buƙatar likita a kusa. Mutumin Sabuwa da ke neman ƙwararren likitan kunne, hankalinsa kan tafi ne asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Katsina, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Kuɗin mota da na kwana da na rakiya sun isa su cinye buhunan masara. Mu tuna kuma da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, ta yadda ko tambayar ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ta gagara. Wanda ya zargi uwa don ta kai ɗanta wurin wanzami, ya fara gaya mata inda za ta kai shi. Yaron da jinsa ya riga ya tafi, sa'arsa ita ce ya samu gurbi a makarantar kurame ta Malumfashi, in iyayensa sun san da ita.

Abin yi

Ba mu rasa tubalin gini ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani tun ƙarni na 19. A wannan yanki namu, karkarar Malumfashi, masana irin su Murray Last da Lewis Wall suka zauna suka nazarci yadda Bahaushe ke neman lafiya, har Wall ya fitar da littafi a 1988. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya shafe shekaru yana bin diddigin maganin Hausawa. Najeriya tana da manufar ƙasa kan maganin gargajiya tun 2007, da kundin tsirran magani na 2008, ga hukumar NAFDAC, ga sashen nazarin tsirran magani a Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya rage shi ne a sada waɗannan takardu da tabarmar Ƙanƙara.

Na farko, jami'o'in jihar su tura ɗaliban Hausa da na kimiyyar tsirrai tare, su zauna da dattawan da suka yi hijira, su rubuta sunan tsiro da yadda ake haɗa shi, da sunan mai ilimin domin kada a ci haƙƙinsa. Daga nan a zaɓi kaɗan da aka fi amfani da su a hunturu, a gwada su, a fitar da ma'auni.

Na biyu, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta bi ta hannun hakimai da sarakunan aska ta kira wanzamai, ba don a ci musu fuska ba. A koya musu amfani da reza sabuwa ga kowane mutum da dafa kayan aiki, a nuna musu alamomin da ke cewa a garzaya asibiti: wahalar numfashi, kumburin wuya, farar fata a maƙogwaro, mugunya a kunne, kumburi a bayan kunne, dishewar murya da ta wuce mako 3. A nemi su ajiye ƙarfen beli, a saka musu da wani abu a duk lokacin da suka turo majinyaci ko jaririn rigakafi. Wanzami yana shiga gidan suna da ma'aikacin gwamnati ba ya shiga. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin waɗannan garuruwa kan duba kunne da wanke shi, a ba su 'yar fitilar leƙa kunne, wadda kuɗinta bai kai na taya ɗaya ta motar babban jami'i ba. Ƙwararrun Kaduna da Zariya da Katsina su riƙa zuwa Funtuwa da Malumfashi lokaci-lokaci, musamman a ranar 3 ga Maris da duniya ta keɓe don lafiyar ji. Malamai kuma su yi wa iyaye bayani a huɗuba cewa kunne ba kwalba ba ce.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan zaman lafiya, wanda Bahaushe ya ce ya fi zama ɗan sarki. Amma kunnen yaro ba ya jiran a gama sulhu. Wanda ya huje a hunturun bana, in ba a kula da shi ba, shi ne ɗalibin da za a kira daƙiƙi a aji nan da shekara 5, alhali ba ya jin malamin ne kawai. Koriyawa ba su jefar da ƙahonsu ba, ba su kuma bauta masa ba. Sun wanke shi, sun auna shi, sun rubuta abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Wannan aiki ba ya buƙatar jirgin sama. Yana buƙatar alƙalami, da girmama dattijo, da ƙarfin halin gaya masa gaskiya.